Yadda Za Ka Zaɓi Kyandir Mai Sauƙin Illa Ga Gida Da Muhalli A Damagaram

A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa a Damagaram ya tuna inda ya ajiye kyandir da ashana. Wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar nan daga can yake zuwa a lokacin, kuma sai a watan Maris na 2024 aka maido da shi. Ko ba takunkumi ma, wanda ya yi bazara a Birni ko Zango ko Sabon Gari ya san yadda wuta take zuwa ta tafi ba sallama. Saboda haka buji, wato kyandir, bai bar gidajenmu ba. A gefe guda kuma ga sabon yayi ya shigo: kyandir mai ƙamshi a cikin kofin gilashi, wanda ake jerawa a ɗakin amarya ko a kai wa ƙawa kyauta, da hoton koren ganye a jikin kwalinsa.

Wannan koren ganyen shi ne ya fi ruɗar mutane. Kyandir ɗin da ya tsallako teku, ya kwana a tashar jirgin ruwa, ya hau babbar mota ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso Kasuwar Dole, da wuya a ce ya fi wanda aka yi da kakin zumar Magariya sauƙi ga muhalli, komai kyan kwalinsa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Mataki na 1: Haske kake nema ko ado?

In haske ne, gaskiya kyandir ba shi ne na farko a layi ba. Harshen wutar kyandir ɗaya yana ba da haske wajen lumen 12 zuwa 13 ne kawai (lumen shi ne ma'aunin haske), sauran ƙarfinsa duk zafi ne. Ƙaramar fitilar nan mai cajin rana, wadda ake shanyawa a kan katanga da safe, takan ba da ninkin haka, ba hayaƙi, ba tsoron gobara. Rana kuwa ita ce abin da ba mu rasa ba. Yaron lakwal da yake karatu da dare, da mai ɗinki, da mai tsaron butiki, duk fitila ta fi musu. Kowane kilo ɗaya na kakin man fetur da aka ƙone yana sakin iskar kabon wajen kilo 3, saboda kabon ɗin da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa. Gida ɗaya ba wani abu ba ne, amma in kyandir ne fitilarka ta kullum, kuɗin da kake kashewa a kansa a shekara ya isa ya saya maka ta rana.

To kyandir ya zama na ko-ta-kwana: ranar da hazo ya rufe gari fitila ba ta yi caji ba, ko ranar da ake son ɗaki ya yi kyau. Idan ka yarda da wannan, ka rage rabin illar tun kafin ka fita daga gida.

Akwai kuma kyandir na roba mai ƙaramin batir, wanda yake kyaftawa kamar wuta. Ban ba da shawararsa ba. Roba ce da batir ɗin da za su ƙare a bola, kuma ɗan ƙaramin batir ɗin nan mai faɗin kwabo yana da haɗari ƙwarai in jariri ya haɗiye shi.

Mataki na 2: Ka san da me aka yi shi

Nan ne ya kamata a daɗe, don kusan duk nauyin kyandir kaki ne.

Farin kyandir ɗin da ake sayarwa a fakiti a kowane tebur, kusan duk farafin ne. Farafin kaki ne da ake cirewa daga ɗanyen man fetur wajen tacewa, irin ɗanyen man da ake turowa daga Agadem zuwa matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011. Wani Bajamushe mai suna Karl von Reichenbach ne ya fara gano shi a 1830, kuma daga wajen 1850 ya fara mamaye sana'ar kyandir saboda arha. Laifinsa a fili yake: daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, in ya ƙone ba ya dawowa. Amma kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Za ka ji ana cewa hayaƙinsa guba ne tsantsa, na kakin tsirrai kuwa tsarkakakke ne. Wani gwaji da aka yi a Jamus a 2007 ya ƙona farafin da kakin soya da sitiyarin (kakin da ake fitarwa daga kitse ko man kwakwar manja) da kakin zuma, ya samu abin da suke fitarwa kusan iri ɗaya ne in an yi kyandir ɗin da kyau. Ƙungiyoyin masu yin kyandir ne suka biya kuɗin gwajin, don haka a riƙe shi da hannu biyu, amma abin da ya nuna ya dace da abin da ido yake gani: kunkunniya ta fi zuwa daga dogon lagwani da wutar da iska take kaɗawa, ba daga sunan kakin kaɗai ba. Matsalar farafin mai arha ita ce wani lokaci ba a tace shi sosai ba, akwai sauran mai a jikinsa. Ka shinshina shi. In ka ji warin kananzir, ko ya bar maiƙo a yatsanka, ajiye shi.

Na biyu sitiyarin, wanda Bafaranshe Michel Eugène Chevreul ya fitar daga kitse, har ya yi rajistar kyandir ɗinsa a 1825. Yana da tauri, fari ne fat ba ya nuna haske ta jikinsa, ba ya saurin lanƙwasa, kuma ba ya zuba sosai. Yau ana yin sa daga man kwakwar manja ko daga kitsen dabbobi, kuma sau da yawa kwali ba ya faɗin wace dabba ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba sai ya nemi wanda aka rubuta masa végétale, wato na tsirrai. Na kwakwar manja kuma yana da nasa bashin: Indonesiya da Maleshiya su ke samar da wajen kashi 85 cikin 100 na wannan man a duniya, kuma an share dazuzzuka masu yawa don shuka shi. An kafa wata ƙungiya mai suna RSPO a 2004 don ta riƙa tantance manjan da aka noma da kiyaye daji. In ka ga tambarinta, da sauƙi. In babu, kalmar "na tsirrai" ita kaɗai ba ta wanke shi ba.

Na uku kakin waken soya, wanda aka fara yi a Amurka a farkon shekarun 1990. Shi ne ya fi yawa a cikin kofunan gilashin nan masu tsada. Ana shuka shi a girbe shi kowace shekara, wannan gaskiya ne. Sai dai Barazil da Amurka su ne manyan masu noman waken, kuma a Barazil an ci daji da yawa saboda shi. Ga nisan hanya. Ga shi kuma yana da laushi, shi ya sa kusan kullum a cikin mazubi ake sayar da shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gauraye: a zuba ɗan kakin soya a cikin farafin, a buga ganye a kwali. Duba da kyau. In an rubuta 100% cire de soja (kakin soya zalla) ko 100% cire végétale (kakin tsirrai zalla), an ɗaure kai da magana. In an rubuta mélange (gauraye), ko à base de (an yi shi da), ko ba a rubuta komai ba sai sunan turare, ka ɗauka farafin ne ya fi yawa.

Na huɗu kakin zuma, kuma shi nake so ka nema. Ƙudan zuma su ke yin sa daga jikinsu, kuma sai sun ci zuma wajen kilo 6 zuwa 8 kafin su fitar da kilo ɗaya na kaki. Ba ya buƙatar matata, ba ya buƙatar jirgin ruwa. A kudancin jihar Damagaram, wajen Magariya da Matamaye, ana kiwon zuma da amya a kan itatuwa. Wannan yankin ne kuma, tare da Mirriya, aka sani a duniya da yadda manoma suka bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har ana ƙiyasta cewa fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar. Gawo yana fure ne bayan damina ta ɗauke, lokacin da yawancin tsirrai suka bushe, sai ya zama abincin ƙudan zuma. Mai amya da ya samu kasuwar kaki bayan ta zuma, ya samu ƙarin dalilin barin itace a tsaye. Ƙudan kuma su ke taimaka wa kankana da kabewa da riɗi da mangwaro su yi ƴaƴa.

Abu ɗaya da ba zan sayar maka ba: maganar da ake yaɗawa a intanet cewa kyandir ɗin kakin zuma yana tsarkake iskar ɗaki. Ba wutar da take tsarkake iska. Yana ƙonewa ne a hankali, da ɗan ƙamshin zuma, shi ke nan, kuma ya isa.

Mataki na 3: Zai iya da zafinmu?

Masu rubuta shawara daga Turai ba sa tuna wannan. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa a nan, ɗakin kwano da rana tsaka kuwa ya fi haka nesa. Kakin zuma ba ya narkewa sai wajen digiri 62 zuwa 64. Farafin yana narkewa tsakanin 46 da 68 gwargwadon irinsa, kuma yana fara laushi tun kafin ya kai nan, shi ya sa za ka buɗe fakiti a bazara ka tarar sun lanƙwashe sun manne da juna. Kakin soya na kofi yawanci kusa da 50 yake narkewa, sai ka ga yana gumi, turaren yana tsatsowa a samansa. Kyandir ɗin da ya lanƙwasa ba ya ƙonewa daidai, rabinsa a ƙasa yake tsiyayewa. Asara ce ta kuɗi da ta kaki. In ba ka samu na zuma ba, sitiyarin ya fi jure wa bazararmu. Kowanne ka saya, ka kwantar da shi a wuri mai sanyi, a ƙasan akwati ko kusa da randa, kada a kan taga.

Mataki na 4: Ka je wurin mai zuma

Kyandir ɗin kakin zuma da aka riga aka yi ba ya cika samuwa a tebur, to amma kakin kansa ana samu. Ranar Alhamis, da mutanen karkara suke shigowa Kasuwar Dole, ka nemi masu zuma. Bayan gaisuwa ka ce, "Baba, in kun tace zuma, ina kuke kai saƙar?" Wasu zubarwa suke yi. Wasu suna narkar da ita su sayar wa dukawa masu shafa wa zare kaki, ko maƙeran farfaru. In bai zo da shi ba, ku yi alkawarin kasuwa mai zuwa, kuma kada ka matse shi a ciniki har ya ga wahalar ba ta biya ba.

Ka ƙara masa tambaya ɗaya: "Baba, amya kake da ita, ko a kogon itace kake shiga?" Tambayar tana da muhimmanci. Mai farautar zuma da yake cinna wuta a kogo da dare yana kashe ƙudan, ya ƙone ƴaƴansu, wani lokaci ya bar wuta a daji. Mai amya da ya san aikinsa hayaƙi kawai yake sa musu, ya ɗebi saƙar da ta cika da zuma, ya bar musu ta ƴaƴa don su zauna. Kakin wannan na biyun shi ne wanda ya cancanci a kira shi mai kiyaye muhalli.

Sai gwaji, don kaki ma ana yi masa algus da farafin kamar yadda ake yi wa zuma da sukari. Ka shinshina: na gaske yana ƙamshin zuma ko da kaɗan ne. Ka ɓalli ɗan gutsure ka murza tsakanin yatsu: ɗumin hannu zai sa ya yi laushi ya murɗu, yana ɗan kama fata, ba santsi ba, ba maiƙo ba. Mai farafin da yawa santsi yake yi, ya farfashe. Ka karya dunƙulen: cikin na gaske ba ya sheƙi, yana da ɗan tsaki-tsaki. Ka kankare da farce: na gaske yana fitowa a naɗe, na farafin yana zubowa ɓarɓashi. Waɗannan ba awon ɗakin bincike ba ne, ba za su kama ɗan ƙaramin algus ba, amma suna kama babba. Launi kuwa kada ya dame ka. Sabuwar saƙa tana ba da kaki ruwan ƙwai mai haske, tsohuwa tana ba da mai duhu, duk kaki ne. Farar ƙurar da take fitowa a jikin kakin zuma in ya daɗe a ajiye ita ma ba lalacewa ba ce, goge ta da tsumma.

Zai fi farafin tsada, babu shakka. Kafin ka yanke hukunci ka yi wannan: ka ɗauki ɗaya na zuma da ɗaya na fakiti masu kaurin juna, ka kunna su tare bayan magariba, ka kashe da kiran isha'i, ka ga wanne ya fi raguwa, wanne kuma ya fi zubar da kaki a faranti. Kuɗin sa'a ɗaya na haske shi ne farashin gaskiya. Haka ma in kana zaɓe tsakanin fakiti biyu na farafin, ka auna su a tafin hannu. Wanda ya yi shafal, wataƙila da rami ko iska a cikinsa. Araha ba ta ado.

Mataki na 5: Duba lagwani

Lagwani ya zama zaren auduga da aka kitsa. Kitson shi ke sa kansa ya lanƙwasa zuwa gefen wuta ya cinye kansa, dabarar da ta fito daga Faransa a shekarun 1820. Ka ja shi a hankali ka gani ko yana tsakiya, domin wanda ya karkace gefe ɗaya yake ci.

Wasu kyandirori na kofi ana sa musu siririyar waya a cikin lagwani don ya tsaya cak in kaki ya narke. Yawanci tutiya ce ko kuza, amma a da ana amfani da dalma, kuma ƙona dalma yana watsa ta a iskar ɗaki da ƙurar da yara suke rarrafe a kai. Ostareliya ta haramta irin wannan lagwanin a 1999, Amurka ta bi a 2003. Mu kuwa kaya suna shigo mana daga ko'ina, wasu ba ko sunan ƙasar da aka yi su. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani a kan dalma ba: a 2010 gubarta, daga haƙar zinariya, ta kashe yara wajen 400 a jihar Zamfara. Ta kyandir ba ta kai wannan ba, amma ga ƙwaƙwalwar yaro babu dalmar da ake cewa kaɗan ce.

Gwajin yana da sauƙi, a kan kyandir ɗin da ba a taɓa kunnawa ba. Ka ware zaren kan lagwanin da farce. In akwai waya, ka goga ta a farar takarda. Dalma tana barin layi mai toka-toka irin na fensir, tutiya ba ta bari. In ka ga layi, kada ka kunna. In mai shago ya hana ka taɓawa, ka nemi wanda aka rubuta mèche coton (lagwanin auduga) ko sans plomb (babu dalma), ko ka haƙura.

Mataki na 6: Turare, launi da mazubi

A garin da mata suka gwanance da turaren wuta da humra, sayen ƙamshi a cikin kyandir ɗan abin mamaki ne. Amma tunda ana saye, ga abin lura. Turaren da ake zubawa a kaki yana ƙara hayaƙi, musamman in ya yi yawa. Wasu sinadaran ƙamshi, irin mai ƙamshin lemo, suna haɗuwa da iskar ɗaki su zama wasu abubuwa masu sa ido da maƙogwaro ƙaiƙayi, kuma wannan bai bar turaren da aka tatso daga tsirrai ba. Gidan da ke da mai asma, ko jariri, ko tsoho mai tari, ya tsaya ga marar ƙamshi. Kuma in za a yi adalci, kaskon turaren wuta a rufaffen ɗaki ya fi kyandir hayaƙi nesa ba kusa ba. Hajiya, in kin haɗa su biyun, ki buɗe taga.

Launi mai duhu da ƙyalƙyali suna toshe lagwani, ƙyalƙyalin kuma yawanci roba ce. Busassun furanni da ake binnewa a cikin kaki don ado suna iya kamawa da wuta. Fari ko launin kakin kansa ya fi.

Mazubi kuma a tambayi kai me zai zama bayan kaki ya ƙare. Kofin gilashi mai kauri za a iya sake cika shi, ko a zuba masa allura da maɓalli. Ƙananan kyandirorin nan masu gwangwanin alminiyam, kowanne sa'o'i 4 ne wajen haka ya ƙare, ya bar gwangwani. In za ka yi amfani da su, ka tara gwangwanayen ka ba masu narkar da alminiyam su yi tukunya. Wanda aka naɗe a takarda ya fi wanda aka naɗe ɗaya-ɗaya a leda. Ledar da ke rataye a ƙayoyin bayan gari ta ishe mu.

Mataki na 7: Kunna shi yadda ya kamata

Kyandir mai kyau a hannun wanda bai iya ba, hayaƙi zai yi. Kafin kowace kunnawa ka datse lagwani ya rage wajen rabin santimita. Ka kafa shi a tsaye a kan faranti na ƙarfe ko na ƙasa, ba a kan akwatin talabijin ko kujerar roba ba. Ka raba shi da iskar fanka da ta ƙofa, balle ta hunturu. Harshen wuta ya tsaya shiru, mai siffar ɗigon ruwa. In yana rawa yana tsawo, kunkunniya yake fitarwa. Kana iya gwadawa: riƙe farin faranti wajen taƙi ɗaya sama da kan wutar na ɗan lokaci. In ya yi baƙi, datse lagwani ka sake. In ya sake yin baƙi, laifin kyandir ɗin ne, kada ka ƙara sayen irinsa.

Na kofi ko mai kauri, a kunnawar farko ka bar shi har saman ya narke zuwa gefe. In ka kashe da wuri, zai riƙa haƙa rami a tsakiya ya bar kaki a bango. Kada kuma ya wuce sa'o'i 4 a jere, don gilashi yana iya tsagewa. In guda biyu ne ko fiye, a bar wajen santimita 10 tsakaninsu.

Gidan sauro, labule, katifar soso, zana, da kwalbar fetur da ake ajiyewa don babur: duk a nesa. Kada a yi barci a bar shi, kada a bar shi da yara. Wajen kashewa, kife masa kofin ƙarfe ko tura lagwanin cikin narkakken kakin da tsinke ka miƙe shi, ya fi hurawa ƙarancin hayaƙi. In kaki ya kama da wuta a mazubi, kada a zuba ruwa, fantsama zai yi. A rufe shi da murfin tukunya ko a zuba yashi.

Mataki na 8: Haɗa naka

In ka samo saƙa ko dunƙulen kaki, sauran aikin na yamma ɗaya ne. Saƙar da aka matse, a zuba ta a tukunya da ruwa, a ɗora a wuta kaɗan har ta narke, kada ta tafasa da ƙarfi. A tace da tsohon ƙyalle a cikin bokiti, a bar shi ya kwana. Da safe kakin zai taso ya daskare a saman ruwa, sai a kankare dattin da ke ƙasansa. Ruwan sama ya fi ruwan rijiya mai kanwa-kanwa, kuma tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla tana sa kaki ya yi duhu, gara langa. Wanda ba ya son ƙona itace ko gas, rana za ta yi masa: a sa saƙar a kan ƙyallen da aka ɗaure a bakin kwano, a saka cikin akwatin da aka shafa wa baƙi, a rufe da gilashi, a ajiye a tsakar gida. A bazara zafin ciki ya isa ya narkar da ita ta tsiyaye.

Wajen zubawa, kada a ɗora kaki kai tsaye a wuta. A sa shi a gwangwani, a sa gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, kuma a tsaya a kansa. In ya wuce digiri 85 launinsa yana lalacewa. Lagwani a kitsa shi da zaren auduga zalla, silli uku, a tsoma a kakin ya sha, a miƙe shi ya bushe. Zaren roba narkewa yake yi yana wari, gwada shi da ashana tukuna: auduga toka take bari, roba dunƙulewa take yi. Kakin zuma yana son lagwani mai ɗan kauri fiye da na farafin. In wutar ta yi ƙarama tana nutsewa, ƙara silli. In ta yi tsawo tana hayaƙi, rage.

Mazubi kuwa yana nan a madafa: ƙaramin gwangwanin tumatir da aka wanke, ko kofin shayi mai kauri. A manna gindin lagwanin a tsakiya da ɗigon kaki, a ɗaure kansa a tsinken tsintsiya da aka gitta a baki, a zuba a hankali. In ya huce tsakiyar ta lotsa, a ƙara kaɗan. Mai son dogo siriri sai ya riƙa tsoma lagwanin a dogon gwangwani yana fitarwa, yana bari ya sha iska tsakanin tsomawa, har ya kai kaurin da yake so. Da sassafe ko lokacin sanyi wannan ya fi yiwuwa.

Guntayen da suka rage da wanda ya tsiyaye a faranti, har da na farafin, a riƙa tara su a gwangwani ɗaya. In sun taru a narkar, a tsame tsofaffin lagwani da kan ashana, a zuba sabo. Na zuma dai a ware masa nasa gwangwanin, kada a gauraya shi da mai turare.